A Duba Haƙoran Doki Kafin A Biya



Duk wanda ya taɓa zama a ɗakunan kwanan ɗalibai ya san irin hirar da akan yi bayan sallar isha'i, in ido ya gaji da takarda. Ba a daɗewa sai zance ya gangara ga ranar da za a gama bautar ƙasa a kama aiki, daga nan kuwa sai a faɗa zancen mota. Wannan ya ce shi da Mercedes C300 zai fara, wancan ya ce sai BMW, wani kuma ya rantse ba ya hawan komai in ba Lexus ba. Mu ma da muke wannan rubutu ba mu fid da kanmu daga cikin masu wannan mafarki ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani yayanmu, wanda ya riga mu fita da shekara biyu.

Wannan bawan Allah ya sami aiki a wata ma'aikata, ya shiga adashe, ya ƙara da rancen ƙungiyar ma'aikata, ya sayi baƙar C300 mai sheƙi kamar madubi. Ranar da ya shigo da ita makaranta har zagaye ya yi da mu, muka yi masa fatan alheri, muna masu jin cewa mu ma ranarmu na tafe. Ba a rufa wata uku ba, wata safiya ya murɗa makulli motar ta yi shiru. Aka ce makullin sitiyari na lantarki ne ya mutu. Ya biya aka gyara, sai giya ta fara fizga, aka kuma faɗi kuɗin da ya fi albashinsa na wata biyu. Yau motar tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan da yake haya, an lulluɓe ta da tamfal, tayoyi sun sace, shi kuwa yana hawan babur mai ƙafa uku zuwa ofis, alhali kowane ƙarshen wata ana yankar bashin daga albashinsa. Da muka tambaye shi abin da ya duba kafin ya biya, sai ya ce ya duba fenti, ya ji sanyin iyakwandishan, ya saurari rediyo, dillali kuma ya ce masa, "Yallaɓai, wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai kasuwa."

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne, tambarin da ke gaban tsohuwar mota ba ya ba da shaida a kan amincinta. Abu biyu ke ba da wannan shaida: tarihin ita wannan motar da ke tsaye a gabanka, da kuma ƙarfin aljihun wanda zai riƙe ta. Dukansu kuwa ana iya bincika su kafin kobo ya fita daga hannu. Abin kunya ne a ce mutumin da ya shekara huɗu ana koya masa kada ya yarda da magana sai da hujja, ya je kasuwar motoci ya miƙa gumin shekara uku a kan rantsuwar wanda la'adarsa ta rataya ga cinikin.

Yana da kyau mu san inda muka samo wannan yarda da tambari. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, a shekarar ne kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, kakanninmu da iyayenmu da yawa suka hau sababbin motoci dal. Peugeot 504 ta yi suna wajen juriya, haka Mercedes 190 da aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, wadda har yanzu akan ga ragowarta a hanya. Waɗannan motoci suna da sauƙin sha'ani: wayoyinsu kaɗan ne, kuma bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya yana iya kwance yawancin abin da ya lalace ya mayar. Sunan da suka bari shi ne ake sayar mana da shi yau. Amma magadansu wasu halittu ne dabam. C-Class ɗin da aka ƙera daga 2007 zuwa 2014, da BMW 3 Series ta 2005 zuwa 2011, da Lexus IS 250 ta 2005 zuwa 2013, kowacce cike take da ƙananan kwamfutoci masu magana da juna, daga inji zuwa giya zuwa birki zuwa makulli. An ƙera su ne domin mai kuɗin da zai riƙa kai su garejin kamfani a kan kari. Lokacin da ɗaya daga cikinsu za ta iso Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ta haura shekara goma, ta wuce ta hannun mutum biyu ko uku, ba mu san wanda ya ji tausayinta a cikinsu ba.

Sai kuma hanyar da suke biyowa. Muna kiransu motocin Kwatano saboda tashar jirgin ruwan da aka daɗe ana sauke su a ƙasar Binin, ko da yake a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, ta ce a bi tashoshin ruwa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka a wajen gwanjo ake sayo su, irin na Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga kuɗin gyaransu ya kusa kai darajarsu. Wasu haɗari suka yi, wasu ruwa ne ya ci su, kamar yadda ya faru da motoci masu ɗimbin yawa a guguwar Katrina ta 2005, da Sandy ta 2012, da Harvey ta 2017. Ba mu ce duk motar gwanjo banza ce ba. Akwai wadda aka daki bayanta kaɗan, aka gyara da kyau, ta yi shekaru tana aiki. Magana ita ce, mai saye ya san abin da yake saye, ya biya kuɗin da ya dace da shi.

Kakanninmu ba su san jami'a ba, amma in za su sayi doki ba sa tsayawa kallon sirdi da linzami. Sukan buɗe bakinsa su duba haƙora don su san shekarunsa, su ɗaga kofato, su sa yaro ya yi sukuwa da shi su saurari numfashinsa. Mota ma tana da haƙora, watau lambar shasi. Tun 1981 kowace motar da aka sayar a Amurka tana ɗauke da lamba mai harufa da alƙaluma 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Farkon aiki shi ne a tabbata lambar da ke waɗannan wurare ita ce ke cikin takardu, harafi da harafi. Sa'an nan a ƙirga zuwa na goma, domin shi ke faɗin shekarar samfurin: 8 tana nufin 2008, 9 tana nufin 2009, A ita ce 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Wannan ƙaramin ilmi yana da amfani ƙwarai, saboda a kasuwanninmu akan ɗauki C300 ta 2008 a canza mata fitilu da bamba da fuska, ta koma kamar ta 2013, a kuma nemi kuɗin ta 2013.

Da wannan lamba, mai wayar hannu zai iya sayen rahoton tarihin motar daga kamfanoni irin su Carfax, ya ga ko an taɓa rubuta mata haɗari ko ambaliya, da kuma nisan da agogonta ya nuna a lokuta dabam-dabam. Sau da yawa ma, in aka rubuta lambar a intanet kawai, hotunan ranar gwanjo kan fito, mutum ya ga motar da ake ce masa ba ta taɓa ko ƙwarzane ba da gabanta a murƙushe. A tuna kuma agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil 100,000 kuwa kimanin kilomita 160,000 ne. Mayar da agogo baya ba wuya gare shi ba a wannan zamani. In agogo ya nuna tafiya kaɗan, amma robar birki ta suɗe, fatar sitiyari ta goge, kujerar direba ta lotsa, to, a yarda da shaidar roba da fata.

Bayan tarihin motar, sai a san ciwon gidansu, domin kowane samfuri yana da inda yake ciwo, kuma waɗannan abubuwa sanannu ne ga kanikawan duniya. C-Class ta 2007 zuwa 2014 an san ta da mutuwar makullin sitiyari, wanda ya kwantar da motar yayanmu, da lalacewar allon lantarkin da ke cikin giyarta mai hawa 7, da tsatsar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya, musamman in ta fito daga wuraren da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar arewacin Amurka da Kanada. Rukunin farko na injinta mai silinda 6, M272, yana da wani haƙori da sarƙar inji ke bi ta kansa wanda kan cinye da wuri, gyaransa kuwa sai an sauke inji. BMW 3 Series ta wancan zamani famfon ruwanta na lantarki ne, yakan tsaya ba sallama, inji ya ɗau zafi nan take, ga kuma bututu da tankin ruwa na roba da kan tsage in sun tsufa. Injin N20 da ya biyo baya a 2012 zuwa 2015 an san shi da karyewar robar da ke riƙe sarƙa. Audi A4 mai injin lita 2 ta wajen 2009 zuwa 2011 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Ita kanta Lexus IS 250, wadda ta fi su samun yabo, baƙin dauɗa kan taru a bawul ɗinta, dashbod ɗinta kuma kan narke ya yi danƙo a ƙasa mai zafi. Wanda ya san waɗannan zai tambayi mai mota kai tsaye ko an yi aikin, ya nemi a nuna masa rasit.

Ranar dubawa, a je da sassafe, a kuma gaya wa mai motar tun jiya kada ya tayar da ita. A ɗora hannu a kan inji a ji ko da sanyi, domin ɗumin inji yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a duba fitilun gargaɗi: dole duka su kama, sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi. In fitilar inji ko ta jakar iska ba ta kama ba sam, to akwai alamar wani ya kashe ta don kada ta tona asiri. Da inji ya tashi a saurari daƙiƙun farko, ƙarar ƙarfe kamar ana jan sarƙa mummunar alama ce. Shuɗin hayaƙi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar madara a jikinsa a yi hattara. A ɗaga darduma a shinshina, a duba ramin safaya taya da ƙarafan ƙarƙashin kujera, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, domin laka da tsatsa da tabon ruwa a can suke ɓuya. Motar da ruwa ya ci tana iya tafiya lafiya wata shida, sa'an nan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. A duba tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet ko ta yi daidai hagu da dama, a duba ko fenti ya fallatsa a kan roba. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu: 2319, alal misali, tana nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Daga nan sai a kai ta gareji a hau rami, a duba ƙasanta da fitila: yoyon mai, tsatsa, walda a jikin shasi, da kuma tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, domin akan yanke ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. In motar an riga an hau ta a nan gida, a duba ko an cire tamostat, ko an haɗa fanka kai tsaye, dabarun da ke sa irin waɗannan injuna shan mai da saurin lalacewa. Sa'an nan a sa ta a kwamfuta. Tun 1996 kowace motar Amurka tana da kafar da ake jona na'urar bincike, ƙarƙashin sitiyari. A nemi na'urar da ke karanta giya da birki da jakar iska, kada a tsaya ga inji kaɗai. Ƙwararre kuma zai gane in an goge laifuffukan da safiyar nan, domin kwamfutar motar kan nuna ba ta gama gwaje-gwajenta ba. A ƙarshe a tuƙa ta aƙalla rabin sa'a, cikin cunkoso da kan babbar hanya, da iyakwandishan a kunne, ana lura da allurar zafi da yadda giya ke canzawa, a kuma bi ta kan hanya mai gargada a ji ƙafafu. Duk wannan aiki bakaniken mai saye ne zai yi shi, wanda ya saba da irin motar, wanda kuma mai saye ne ya biya shi. Bakaniken da dillali ya kawo, abincinsa na wajen dillali. Takardun kwastan a kai su ofishin kwastan a tantance, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a biya ta banki. Mai motar da ya ƙi yarda a yi wannan bincike ya riga ya ba da amsa, sai a yi masa godiya a kama hanya.

Saura shaida ta biyu, watau aljihu, wadda ita ce muka fi ƙin dubawa. Mota tana iya cin duk wannan jarrabawa, amma ta mutu a hannun wanda ba ya iya ciyar da ita. Injin C300 mai silinda 6 yana ɗaukar kusan lita 8 na baƙin mai, mai tsada kuma, irin wanda kamfani ya ƙayyade, alhali Corolla lita 4 da 'yan kai ta ishe ta. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin mai da na kayan gyara, waɗanda da dala ake shigo da su, suka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40 a garuruwanmu, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga hanyoyin da ba a yi su don mota mai ƙasa-ƙasa ba. Saboda haka kafin a je kasuwar motoci a fara zuwa kasuwar kayan gyara, a tambayi kuɗin famfon ruwa da shokozoba da birki da batir na irin motar, a kwatanta da albashi. A tambaya kuma ko garin da za a tura mutum aiki akwai wanda ya iya ta, domin ma'aikacin da aka kai ƙaramar hukuma mai nisa ba zai riƙa ɗauko motarsa a bayan babbar mota zuwa birni ba duk sa'ad da fitila ta kama. A ganinmu, wanda zai ƙarar da duk abin da ya mallaka ranar saye bai isa sayen motar ba tukuna. Ya kamata a ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, a ajiye domin gyaran shekarar farko.

Mun san za a yi mana musu ta fuska biyu. Wasu za su ce duk wannan dogon zance ne, a sayi Corolla a huta. Akwai gaskiya a maganarsu, ga mafi yawan sababbin ma'aikata ma ita ce shawarar da ta fi, domin kayanta na ko'ina, masu gyaranta ma haka. Amma son abu mai kyau ba laifi ba ne, waɗannan motoci kuwa suna da daɗin tuƙi da ƙarfin jiki, kuma wadda aka riƙe da kyau tana iya yin shekaru ba ta ba da kunya ba. Corolla ɗin ma da ruwa ya ci, ko aka mayar da agogonta baya, za ta kwantar da mai ita ƙarƙashin darbejiya. Binciken dai ba makawa. Wasu kuma za su ce mota sa'a ce, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Haka ne, amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala a makarantar zaure ya san an haramta ɓoye aibin kaya, an kuma ba mai saye damar mayar da abin da ya tarar da aibi a cikinsa. Wannan tunatarwa ce ga 'yan'uwanmu dillalai, waɗanda akwai mutanen kirki da yawa a cikinsu, kuma mai gaskiya ba abin da zai rasa don an duba kayansa.

Abin da ke jefa mu cikin wannan rami, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, shi ne idon mutane. Muna son ranar da za mu koma unguwa a ce ɗan gidan wane ya zo da Marsandi, muna son a gan mu a wajen ɗaurin aure. Wannan sha'awa ita ke sa mutum ya ji nauyin durƙusawa ya leƙa ƙasan mota gaban dillali, kada a ce bai waye ba, ita ke sa ya biya yau don an ce masa wani Alhaji na tafe da kuɗi da la'asar. Mutanen da muke so su gan mu kuwa su ne za su fara lura ranar da motar ta daina fita. Albashin sabon ma'aikaci yana da masu jira: iyaye, ƙanne 'yan makaranta, lefe, kuɗin haya. Duk nairar da ta tafi ga giyar da ba a duba ba, daga bakin ɗayansu aka cire ta.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta nemi 'yan'uwanmu na sashen injiniya su shirya lacca ɗaya a kowace shekara domin masu shirin fita, a gayyato ƙwararren bakanike daga gari, a kawo mota a buɗe ta gaban kowa, a nuna inda lambar shasi take da yadda ake karanta na'ura. Yayanmu da kansa ya ce zai zo ya ba da labarinsa, kuma ya yarda a jawo tasa motar a yi darasin da ita.

Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya tsare mu daga cinikin biri a sama.